Harhaɗa Ƙananan Samfuran Motar A-kori-kura da Hanyoyin Gane Nagartarsu

Ƙaramin samfurin mota, a ma'anar da masu wannan sana'a suke nufi, kwaikwayo ne na wata mota ta gaske wadda aka rage girman kowane sashe nata da kaso ɗaya daidai wa daida, aka zuba sassan da roba, sannan aka sayar da su cikin kwali a wargaje, domin mai saye ya yanke, ya goge, ya manna, ya kuma yi fenti da hannunsa. Ba a ƙera shi don yara su tura a ƙasa ba, kuma abin da ake auna darajarsa da shi shi ne kusancinsa da motar da aka kwaikwaya. Daga cikin motocin da ake yi wa irin wannan samfuri, a-kori-kura ta fi saurin tona asirin mai haɗi, saboda gininta ya kasu uku: akwai shasi, wato ƙarfen da yake ɗauke da komai daga ƙasa, akwai ɗakin direba, akwai kuma akwatin kaya wanda yake zaune daban a baya, a buɗe, ba shi da rufin da zai ɓoye aibi. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya karkace ko da kaɗan ne, layin da ya taso daga ƙofa ya nufi bayan mota zai karye a tsakiya, kuma ido yana ganin wannan karaya tun kafin ya lura da kyan fenti.

Ma'aunin ragi shi ne abu na farko da ya kamata a fahimta. Idan aka rubuta 1/25 a jikin kwali, ana nufin kowane milimita ɗaya a jikin samfurin yana wakiltar milimita 25 a jikin motar gaske. Motar Ford F-100 da aka ƙera tsakanin 1953 da 1956 tana da tazarar inci 110 tsakanin cibiyar tayar gaba da ta baya, wato milimita 2,794, saboda haka a ma'aunin 1/25 tazarar za ta zama kusan milimita 112, a ma'aunin 1/24 kuwa ta zarce 116 da kaɗan. Bambancin ma'aunan biyu bai wuce kashi huɗu cikin ɗari ba, abin da ya sa ake iya aron taya ko injin wani kwali a sa wa wani ba tare da an gane ba, amma ba a iya ɗora akwatin kayan 1/24 a bayan ɗakin direban 1/25 a zauna lafiya. Wannan lissafi yana da wani amfani da ya fi na auna tsawo: ratar rabin milimita da aka bari tsakanin bonet da jikin samfuri daidai take da ratar da ta haura santimita ɗaya a motar gaske, wadda ɗan yatsa zai shiga, kuma babu masana'antar da za ta fitar da mota a haka.

Ma'aunin 1/25 ɗan Amurka ne, ya samo asali daga ƙananan motocin talla da kamfanonin mota suke ba dillalansu. Kamfanin AMT, wanda aka kafa a jihar Michigan a 1948, ya fara da irin waɗannan motocin talla, sannan a 1958 ya soma sayar da su a wargaje da ƙarin sassa, ta yadda kwali ɗaya zai iya ba da mota kamar yadda ta fito daga masana'anta, ko wadda aka yi wa kwalliya, ko ta tsere. Kamfanonin Revell da MPC sun bi 1/25 a yawancin motocinsu, Monogram ya fi karkata ga 1/24 kafin ya haɗe da Revell a 1986, kamfanonin Japan kuwa irin su Tamiya da Aoshima da Hasegawa da Fujimi, waɗanda dukansu suke Shizuoka, 1/24 suka riƙa. A yau kamfanin Round 2 da ke South Bend a jihar Indiana shi yake fitar da kwalayen AMT da MPC, kuma da yawa daga cikinsu da tsofaffin mazubai ake zuba su. Wannan tarihi yana shafar aljihun mai saye kai tsaye, domin sabon kwali mai sabon hoto yana iya ƙunsar sassan da aka sassaƙa mazubinsu shekara hamsin ko sittin da suka wuce.

Saboda haka tantance nagarta iri biyu ce, kuma kuskure ne a cakuɗa su: akwai nagartar abin da masana'anta ta zubo, akwai nagartar aikin wanda ya haɗa. Ta farko ana duba ta kafin a taɓa gam. Ana narkar da robar da ake kira folisitarin, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, ta bi ta wasu hanyoyi ta cika gurabun sassa, idan ta huce a buɗe mazubin a turo ta waje. Hanyoyin da robar ta bi su ne suke daskarewa su zama firam ɗin da sassan suke maƙale a jikinsa, kuma kowane mataki na wannan zubi yana barin tabonsa. Inda ɓarin mazubin biyu suka haɗu akan sami siririn layi a jikin sashe, wanda babu kwalin da ya kuɓuta daga gare shi. Idan mazubin ya tsufa bakinsa ya daina rufuwa ruf, roba takan tsiyayo ta zama wata siririyar fata a gefen sassa, kuma yawanta alama ce ta gajiyar mazubi. Inda robar ta yi kauri takan shanye ciki yayin hucewa ta bar ɗan loko a waje, galibi a ƙofar baya ta akwatin kaya ko a saman inda aka yi ƙafar manni daga ciki. Sandunan da suke turo sashe daga mazubi kuma suna barin zagayayyun tabo, waɗanda a motar da take a rufe sukan ɓuya a ciki, amma a a-kori-kura sukan faɗo a bangon ciki na akwatin kaya, wurin da kowa zai leƙa. Masana'antar da ta san aikinta takan ɓoye waɗannan tabo a ƙasan sashe, kuma wurin da aka ajiye su yana nuna irin tunanin da aka yi wajen sassaƙa mazubin.

Yawan sassa ba shi ne nagarta ba, ko da yake masu talla suna son rubuta adadin a jikin kwali. Tsofaffin kwalaye da suka samo asali daga motocin talla sukan zo da shasi faifai guda, an zuba salansa da farfela da sifirin a jikinsa, tayoyin kuma a kan sandar ƙarfe wadda a wasu lokuta take ratsa tsakiyar injin ta wani rami da ba ya nan a motar gaske. Irin waɗannan suna da sauƙin haɗi, kuma sau da yawa siffar bodinsu tana da kyau ƙwarai, domin an yi su ne lokacin da motar take sabuwa. Kwalayen da aka sassaƙa daga baya, kamar Chevrolet 3100 ta 1950 da AMT ya fitar, ko jerin Ford F-100 na shekarun 1960 da farkon 1970 da kamfanin Moebius ya fitar, suna zuwa da shasi mai kama da tsani, sifirin daban, bakin aksil daban, lagireto da kafireto kowanne daban. Kwalayen Japan da dama, har da wasu na Toyota Hilux da Aoshima yake yi, ba su da inji sam, bonet ɗinsu a rufe yake, an mai da hankali ga siffar waje da dacewar sassa. Mai tantancewa na ƙwarai yakan fara da siffa, ya ɗora bodin kusa da hoton motar gaske da aka ɗauka daga gefe sak, ya duba tsayin rufi da faɗin tagogi da lanƙwasar madugadi, saboda ƙarancin sassa ana iya cike shi da aro daga wani kwali, amma rufin da aka zuba a gajarce sai an yi masa tiyata. Idan kwalin tsoho ne da ya daɗe a ajiye, ana kuma duba gilasai, domin tayoyin roba mai laushi idan suka daɗe suna taɓa folisitarin sukan narkar da shi su bar zanen ƙafarsu a jiki.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka daga gefe, wuƙa mai tsinin reza, hantsaki, ƙananan magagarai, samfefa daga lamba 400 zuwa 2000, tef na rufe fenti, da faifan gilashi ko tayil mai santsi wanda zai zama shimfiɗar aiki. Gam kuwa iri uku ne, kowanne da wurinsa. Gam ɗin roba mai ruwa-ruwa yana narkar da fuskokin biyu ne su zama abu ɗaya, shi ya sa ba ya kama fenti ko kurom, sai an kankare wurin mannin har robar ta bayyana. Sufa-gulu yana haɗa roba da ƙarfe ko sassan da aka riga aka fente, amma tururinsa yana bar wa gilashi farin hazo. Farin gam na kafintoci shi ne na gilasai da fitilu, domin yana bushewa garau kuma ana share ragowarsa da ruwa.

Aikin yana farawa da wanke sassa da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke don kawar da maiƙon mazubi. Ba a murɗe sashe daga firam da hannu, ana yanka shi ne nesa kaɗan da jikinsa, sannan a rage kututturen da wuƙa a goge, layin mazubi kuma a kankare shi da bayan wuƙa a tsaye. Bayan haka sai gwajin haɗi ba gam, wanda shi ne matakin da masu gaggawa suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowane mataki tasiri a kan a-kori-kura. Ana ɗora shasi a kan faifan gilashi a danna kusurwoyinsa ɗaya bayan ɗaya; idan ya yi rawa to a murɗe yake, kuma maganinsa shi ne a tsoma shi cikin ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, a murɗa shi a hankali ta ɗaya ɓangaren, a danne shi a kan gilashin har ya huce. Daga nan a ɗaure ɗakin direba da akwatin kaya a kan shasin da tef, a sa gilashi da kujera da dashbod a ciki, domin sau da yawa kayan cikin ne suke hana ɗakin sauka yadda ya kamata, sai gabansa ya ɗaga sama bamba ta kasa samun wurinta. Mai haɗi yakan sunkuya ya sa idonsa daidai da teburin, ya duba daga gefe ko layin ƙasan taga ya miƙe da bakin akwatin kaya, ko ratar da take tsakanin ɗakin da akwatin daidai take daga sama zuwa ƙasa, ko kowace taya tana tsakiyar bakan madugadinta, sannan ya duba daga baya ko akwatin ya kwanta gefe ɗaya. Duk gyaran da za a yi, na rage ƙafar manni ko na cusa siririn yankin roba a ƙarƙashin akwati, a wannan lokaci yake da arha, domin bayan fenti kowace gogar magagari ɓarna ce. Lokacin manna sifirin da aksil, ana sa tayoyin a ajiye samfurin a kan gilashi tun gam bai ƙame ba, a ɗora masa ɗan nauyi, don tayoyi huɗu su taka ƙasa tare.

Sassan da ake kira kurom ba kurom ba ne na gaske, wani siririn alminiyom ne da ake fesa wa roba a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Matsalarsa ita ce yana rufe layin mazubi ba tare da ya ɓoye shi ba, kuma inda aka yanke sashen daga firam robar takan leƙo. Masana'antu kuma sukan yi wa abubuwan da ba su cancanta ba kurom, kamar kafireto ko murfin inji, alhali a-kori-kurar aiki ta shekarun 1950 sau da yawa da bamba mai fenti take fitowa. Ana cire shi ta hanyar jiƙa sashen a ruwan bilic na wanki ko maganin wanke tanda, da safar hannu, sannan a gyara layin a fesa fentin ƙarfe a kan baƙar shimfiɗa mai sheƙi.

Fenti yana farawa da shimfiɗa, wato fentin farko mai launin toka ko fari wanda yake kama roba, yake kuma bayyana duk wani loko da ƙarzuwa da ido bai gani ba. Inda aibi ya fito a cike shi da fila, a goge, a sake shimfiɗa. Fentin samfura iri uku ne: akirilik mai saurin bushewa da sauƙin wari, inamel mai kwanciya sumul amma yana ɗaukar mako ko fiye kafin ya ƙame, da laka mai ƙarfin tina wadda take bushewa da wuri kuma take karɓar gogewa, sai dai tana cin robar da ba a yi wa shimfiɗa ba, tana kuma yamutsa inamel idan aka ɗora ta a kansa. Ana ɗumama gwangwanin feshi a ruwan ɗumi, a girgiza shi sosai, a fesa daga tazarar santimita 20 zuwa 25, a fara feshin kafin a iso kan bodi a kuma saki bayan an wuce shi. Zagaye biyu ko uku na farko raɓa-raɓa ake yi, na ƙarshe ne ake jiƙawa har ya yi sheƙi. Idan aka matsa kusa fenti yakan zubo, idan aka yi nisa yakan bushe a iska ya sauka da gurje-gurje kamar ɓawon lemo. Ɗakin direba da akwatin kaya da bonet dole a fesa su a zama ɗaya, da yawan zagaye ɗaya, in ba haka ba launinsu zai bambanta, musamman fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe. Mai aiki a ƙasar Hausa yana da abokan gaba biyu na yanayi: ƙurar hunturu, wadda ake kare ta da kifa wa bodin tsaftatacciyar roba da zarar an gama feshi, da damshin damina, wanda yake sa laka ta yi fari-fari. Feshi ba a yin sa a rufaffen ɗaki, kuma takunkumin da yake tace tururin tina ake sawa. Bayan fentin ya ƙame ana iya goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa mai laushi daga 2000 zuwa sama, a hankali a kan kusurwoyi inda fenti ya fi siranta, sannan a fito da sheƙi da man gogi.

Akwatin kaya yana buƙatar bincike tun kafin fenti. Akwai mai madugadi a waje da matakala a gefe, wanda Chevrolet yake kira Stepside, Ford kuma Flareside, akwai kuma mai bango sumul da ya yi daidai da faɗin ɗakin direba, wanda Ford ya fito da shi a 1957 da sunan Styleside, Chevrolet kuma a 1958 da sunan Fleetside. Daɓen tsofaffin akwatuna na katako ne da siraran ƙarafa a tsakanin allunan. Don kwaikwayon katako ana shimfiɗa akirilik mai ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, a shafa fentin mai na masu zane mai duhu, a ja busasshen burushi mai tauri a tsawon kowane allo don ya bar jijiyoyi, a ɗan sauya duhun daga allo zuwa allo. Katako mai sheƙi da ake gani a motocin baje koli aikin masu gyara ne na baya, daga masana'anta yawanci a fente yake fitowa, don haka wanda ya ce yana haɗa mota kamar yadda ta fito sabuwa ya kamata ya fente shi.

Tambarin da ake jiƙawa da ruwa yana son fuska mai sheƙi, domin a kan fenti marar sheƙi iska takan maƙale a ƙarƙashinsa ta ba shi hasken azurfa a gefe, kuma akwai ruwan laushi irin su Micro Set da Micro Sol da suke sa shi ya kwanta cikin lanƙwasa. Adon ƙarfe na gefen gilashi da hannun ƙofa ana yin sa da siririyar takardar alminiyom mai gam a baya, wadda Bare-Metal Foil ta fi shahara a cikinta, a danna ta da auduga a yanke gefen da sabuwar reza, da nauyin wuƙar kaɗai. Tayoyi ana goge ƙafarsu da samfefa don layin tsakiya da sheƙin roba su tafi.

A-kori-kura motar aiki ce, shi ya sa masu haɗi da yawa suke tsufantar da ita, wato su yi mata tsatsa da ƙura da koɗewar fenti da gangan. Dabara ɗaya ita ce a fesa launin tsatsa, a yayyafa gishiri a kan damshi, a fesa launin mota a kai, sannan a kakkaɓe gishirin tsatsar ta leƙo. Abin da yake raba mai kyau da marar kyau shi ne sanin inda motar ta yi rayuwarta. A arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa daga ƙasa take cin mota, a gindin ɗakin direba da bakin madugadi. Hilux ɗin da take zirga-zirgar kasuwannin ƙauye a yankin Sahel kuwa tsatsarta kaɗan ce, rana ce take cinye fentin rufi da bonet, jar ƙasa ta cika lungunan tayoyi da ƙofar baya, bakin akwatin kuma ya goge har ƙarfe saboda jan buhuna da igiya. Tsatsar da aka watsa ko'ina daidai wa daida, har a wuraren da ruwa ba ya kwanciya, shaida ce cewa ba a kalli motar gaske ba, kuma alƙalai sun san cewa wasu suna fakewa da tsufantarwa don rufe fentin da ya ɓaci.

A gasannin ƙungiyar masu haɗa samfura ta IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963 kuma take da rassa a ƙasashe da yawa, alƙalai suna fara tantancewa daga tushen gini kafin su kai ga ado. Sukan haska ƙaramar tocila a kwance a jikin bodi don layin mazubi da loko su yi inuwa, su duba ko an bar tsagi a tsakiyar giyabos ko bakin aksil inda ɓari biyu suka haɗu, ko akwai tabon gam ko zanen yatsa a gilashi, ko tayoyi suna tsaye sak kuma dukansu sun taka ƙasa, ko fitilun gaba suna kallon wuri ɗaya da layukansu a miƙe. Sai samfura biyu sun yi kunnen doki a waɗannan ne ake duba ƙarin aiki, irin su wayoyin fulogi da bututun birki da sassan tagulla da aka saya daban. Wannan tsari yakan ɓata wa wanda ya kashe kuɗi da watanni a kan inji rai, idan ya ga samfurin da aka haɗa da abin da yake cikin kwali kawai ya sha gabansa, amma hujjar alƙalan a fili take, domin ƙarin sassa ƙarin wuraren kuskure ne, kuma wayar fulogi mai kaurin milimita ɗaya daidai take da mai kaurin santimita biyu da rabi a motar gaske. Mai haɗin da ba shi da gasa a kusa yana iya yi wa kansa irin wannan alƙalanci ta hanyar ɗaukar samfurin hoto da waya daga daidai tsayin tayoyinsa, ta gaba da gefe da baya, ya faɗaɗa hoton ya jera shi da na motar gaske, domin kyamara tana nuna karkatar akwatin kaya da ƙurar da ta maƙale a fenti waɗanda idon da ya saba da aikin ya daina gani.